Masu Tsaron Layinmu

Garin Bauchi da katanga aka fara shi. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da ya kafa garin a 1809, ganuwa ya ja masa mai kewayen sama da kilomita 10, aka tsaga mata ƙofofi irin su Ƙofar Ran da Wunti da Wambai da Jahun da Nasarawa da Wase. Katanga ɗaya ce, kuma ta kowa ce. Lokacin da muka yi wayo ta riga ta zube, sai tudun ƙasa nan da can da yara ke hawa suna gangarowa, sunayen ƙofofin kuma sun koma sunayen unguwanni. Amma tarbiyyar da ta bari ba ta zube tare da ita ba. Mutanen cikin gari ba su san wani tsaro da mutum zai yi wa gidansa shi kaɗai ba.

A Jahun na tashi, cikin shekarun 1980. Gidanmu ginin ƙasa ne, katangarsa kuwa ko akuya in ta yi niyya tana haura ta. Ƙyauren zaure katako ne da aka lulluɓe da langa-langa, sakata ɗaya gare shi, sai wani itace da ake tokarewa da shi. Da rana ba a rufe shi sam. Da dare almajirai biyu ko uku ke kwana a zauren, wani lokaci har da baƙon da dare ya yi wa a hanya. Mahaifinmu ne ke rufe gida bayan an tashi daga hira, kuma ban taɓa jin ya tambayi ko an ɓoye rediyo ko an shigar da keke ba. Tambayarsa biyu ce kullum, yana tsaye a tsakar gida da tocila a hannu: "An kashe wuta? An rufe rijiya?"

Wuta da rijiya su ne abokan gabar gida a wancan zamani. Hunturun Bauchi ba wasa ba ne, in iska ta taso daga duwatsu tsofaffi ba sa iya barci sai da kaskon gaushi a ɗaki. Ga fitilar ƙwai da aci-bal-bal, ga rufin azara da zana, ga katifar rimi wadda in ta kama wuta ba a sani sai ta ci rabi. Kakarmu ta sha faɗa da Baba a kan kaskonta. Takan ce, "Kai dai so kake sanyi ya kashe ni." Shi kuma ya durƙusa ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Inna, ɗakin ya riga ya yi ɗumi, bari in fitar da shi." Haka zai ɗauka ya kai waje ya yayyafa masa ruwa. Rijiya kuwa murfin ƙarfe ya sa maƙeri ya yi mata, tun ranar da aka tsamo yaron maƙwabta daga tasu rijiyar da kyar, da sauran numfashi.

To, wa ke tsare mu daga ɓarawo? Sai da na girma na bar unguwar na gane amsar. A bakin layinmu akwai mai shayi, wanda ba ya tashi sai wajen ƙarfe ɗaya na dare. Gefensa mai tsire ne da tukubarsa. Gaba kaɗan akwai tela, wanda in Salla ta matso kekensa ba ya shiru har asuba. Akwai mai tireda da ke kwana cikin tiredarsa. Kafin kiran assalatu kuma mai masa ta hura wuta, 'yan garuwa sun fara zirga-zirga, ladan ya fito. Tsakanin tashin mai shayi da fitowar mai masa, sa'o'in da layin ke zama ba ido a kansa ba su da yawa, su ma ɗin akwai 'yan sintiri da gorarsu. Baƙo ba ya ratsa layin bai sha gaisuwa ba. "Sannu Malam, gidan wa ake nema?" Gaisuwa ce ta mutunci, amma mai mugun nufi ya san me take nufi: an gan ka.

An taɓa sace keken Kawuna a ƙofar masallaci. Bai je ofishin 'yan sanda ba, wurin mai faci ya je ya ba da cigiya. Ba a daɗe ba wani ya turo keken a yi masa iska, an sake masa fenti, an cire kariya. Mai facin ya duba taya ya ce, "Samari, wannan facin hannuna ne, kuma na san wanda na yi wa." Ya riƙe keken, ya aika a kira mai unguwa. Kafin la'asar keke ya koma hannun mai shi, uban yaron kuma ya zo har zaurenmu yana ba da haƙuri, hularsa a hannu.

Karo na farko da na ga layinmu ya mutu shi ne watan Afrilun 1991, da rikicin Tafawa Ɓalewa ya fantsamo cikin Bauchi aka sa dokar hana fita. Babu wutar mai tsire, babu ƙarar keken tela, sai motocin soja. A makon ne Baba ya je Kasuwar Wunti ya sayo kwaɗo, na farko da aka taɓa maƙala wa ƙyauren zaurenmu. Ƙura ta lafa, masu sana'a suka dawo, amma kwaɗon bai sake sauka ba.

Tun da Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976 garin ke faɗaɗa, ya tsallake ganuwa ya nufi Yalwa da Gwallameji da Fadamar Mada da Tirwun. Su kuma masana'antun da suka ɗauki iyayenmu aiki, irin su kamfanin Steyr mai haɗa taraktoci da manyan motoci da kamfanin sarrafa nama, aikinsu ya yi ta ja da baya. Gari na ƙara girma, aikin yi na ƙara ƙanƙancewa. A farkon shekarun 2000 na samu fili a wata sabuwar unguwa bayan Fadamar Mada. A can, katanga ake fara ja kafin a haƙa harsashin ɗaki. A ɗaga ta ta wuce tsayin mutum da hannunsa a miƙe, a jera mata fasassun kwalabe a ka, mai hali ya ƙara da waya mai ƙaya. Sai ƙofar ƙarfe, sai ƙarafa a kowace taga, sai wata ƙofar ƙarfen a bakin falo. Zaure kuwa babu wanda ya yi, an ce ɓarnar fili ne. Mutum zai shekara bai san fuskar matar maƙwabcinsa ko yawan 'ya'yansa ba. Alfaharin unguwar shi ne shiru. Da wani saurayi ya zo ya kafa teburin shayi a kan kwana, wasu manya suka tashe shi cikin mako guda, wai zai tara mana zauna-gari-banza.

Sai ga zamanin Sara-suka. Wajen zaɓen 2007 sunan ya cika gari: samari da adduna da wuƙaƙe da barandami, waɗanda 'yan siyasa suka yi amfani da su a yaƙin neman zaɓe, aka gama aka watsar. Wanda aka koya wa cin abinci da makami ba ya ajiye shi don an rantsar da gwamnati. Suka koma faɗan unguwa da unguwa, da ƙwacen waya da babur, da haura gidaje.

Wani dare aka shiga gidan maƙwabcina na dama, malamin makaranta. Da tsani suka hau, suka shimfiɗa buhu a kan kwalaben. Suka ɗaure shi, suka kulle iyalinsa a ɗaki, suka kwashe wayoyi da babur da ɗan abin da matar ke tarawa na auren 'yarsu. Sun yi ihu har muryarsu ta dushe. Babu wutar lantarki a daren, kowane gida janareta ke ruri, kowa na bayan ƙarfensa. Bango ɗaya ne tsakanina da su, amma sai da safe na ji labari. Abin da malamin ya faɗa mana muna jajanta masa shi ne, ɓarayin ba su yi gaggawa ba ko kaɗan, har ruwa suka buɗe firji suka sha. Katangar da ya kashe kuɗi ya ɗaga don ta hana su shiga, ita ta yi musu sutura bayan sun shiga.

A ranar Asabar ɗin makon muka taru a harabar makarantar firamare, Musulmi da Kirista, masu gida da 'yan haya. A nan wasunmu suka fara sanin sunan juna. Aka kafa kwamiti, aka je aka gaida mai unguwa, shi kuma ya raka mu ofishin 'yan sanda aka rubuta sunayen waɗanda za su yi sintiri. Aka yanka wa kowane gida kuɗin wata, aka sayi tocila da usur da takalman ruwa, aka ɗauko wasu maharba biyu daga ƙauye su jagoranci samarin. Lokacin sunan Ali Kwara na Azare, wanda ya rasu a 2020, ya game Arewa wajen kama 'yan fashi, don haka kowane yaro da aka ba gora gani yake shi ma ya zama shi. Dole aka kafa doka: wanda aka kama, hukuma za a miƙa wa, ba duka, ba yanke hukunci.

Ba a jima ba aka gwada dokar. 'Yan kwamiti suka kama wani yaro da injin jan ruwa a ka, mutane suka fito da sanduna, har an fara kiran a kawo taya. Limaminmu, tsoho ne mai sanyin magana, ya ratsa taron ya tsaya a kan yaron ya ce, "Jama'a, ku haska fuskarsa tukuna." Aka haska. Ɗan layin ne, maraya, gidansu na huɗu daga nawa. Da ɗan gari kan ci gari, shi ke nuna wa na waje gidan da ba kowa. Jikin kowa ya yi sanyi. Bayan an gama da hukuma, mai waldar da ya yi mana ƙofofi ya ce, "Malam, ku ba ni shi. Hannun da ya iya kwance inji cikin duhu zai iya riƙe ƙarfe." Yau yaron nan yana da nasa shagon, da yara huɗu a ƙarƙashinsa. Ban san wata hanyar rage ɓarayi da ta kai wannan araha ba.

Shekarun da suka biyo baya sun fi ƙarfin gora da usur. Ranar Lahadi 26 ga Yulin 2009 muka tashi da ƙarar bindiga daga wajen Dutsen Tanshi, inda 'yan Boko Haram suka kai wa ofishin 'yan sanda hari, abin da ya zama mafarin tarzomar da ta bazu har Maiduguri. Ranar 7 ga Satumban 2010, cikin azumi, ana shirin shan ruwa, aka fasa gidan yarin Bauchi da ke kusa da fadar Sarki, fursunoni sama da 700 suka fice. Sai rikicin bayan zaɓe a Afrilun 2011, sai bam a kasuwar barikin Shadawanka ranar 29 ga Mayun shekarar. Dokar hana fita ta zama abin da ake sawa a cire, a sake sawa. Shingayen bincike suka cika tituna, mai babur sai ya sauka ya tura.

A wannan tsakanin nakan je Jahun gaida tsofaffi. Ɗan mai shayinmu na dā, wanda ya gaji teburin ubansa, ya ce da ni, "Yaya, yanzu da magariba nake kwashe kaya. Ka san abin mamaki? Tun da muka daina kai dare, ba a kwana uku ba a fasa wani shago ko an zare wa wani akuya ba." Sojoji na kan babban titi suna tsaron gari, lungu kuwa an kore masa masu tsaronsa. Tun ina yaro nake ganin mutanen nan a matsayin masu neman abinci kawai. Ashe wani aikin suke yi mana wanda ba mu taɓa biyan su ba.

Sabuwar unguwarmu ta samu nata masu sana'ar ne ta hanyar da ba wanda ya so. Ranar 22 ga Disamban 2014 bam ya tashi a babbar kasuwar Bauchi da yamma, gobara ta biyo baya, aka rasa rayuka, shaguna suka ƙone. Cikin waɗanda suka yi asara har da wani maƙwabcinmu mai sayar da kayan masarufi. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya fasa katangar gidansa ta waje ya fitar da ɗan shago. Wannan karon ba wanda ya iya buɗe baki ya hana. Ya sa ƙwan lantarki a ƙofa, ya ajiye benci. Bayansa mai cajin waya ya zo, sai tela, sai mai shayi ya dawo kan kwanar da aka taɓa korar wani. Wata bazawara ta fara suyar masa da safe, ƙosai da yamma. Cikin shekara guda layin da ake tsoron bi bayan isha'i ya zama wurin da yara ke kai aike da dare. 'Yan kwamiti suka samu wurin zama da ruwan zafi, da mutanen da za su ce musu, "Ga wani mai jar hula can ya wuce sau uku, ba mu san shi ba."

Ranar da na fi ganin amfanin masu sana'ar kuwa ba ɓarawo ne ya zo ba. Cikin hunturu ne, an ɗauke wuta da daddare, wata baiwar Allah ta bar hita a cikin bokitin roba ba ta zare ba, ta kwanta. Can cikin dare aka maido da wuta. Ruwa ya ƙafe, roba ta narke, labule ya kama. Mai shayi ne ya fara ganin hayaƙi yana haɗa kayansa, ya kwarma ihu, 'yan kwamiti suka busa usur. Wutar ta tare ƙofar falo, uwa da 'ya'ya uku suna ɗakin ciki, tagar kuwa ƙarfe ne da aka dasa cikin siminti. Muna ganin hannayensu ta tsakanin ƙarafan, ba mu da yadda za mu yi. Yaran mai walda ne suka sheƙo da guduma da ƙarfen ɓanɓare, suka fasa bulon da ke riƙe da tagar, aka zaro su ɗaya bayan ɗaya. 'Yan garuwa suka yi ta turo kura suna juyewa. Kafin motar 'yan kwana-kwana ta gano layin, domin unguwar ba suna a titi ba lamba a gida, an riga an ci ƙarfin wutar. Ɗakuna biyu sun tafi, amma ba a rasa rai ba.

Washegari mai waldar ya bi gida-gida, ba wanda ya aike shi. Ya ce da ni, "Alhaji, ƙarfen nan ni na yi maka shi, kuma jiya ban yi barci ba. Mun yi ta tunanin wanda zai shigo, ba mu yi tunanin wanda zai fita ba." Ya kawo shawara a yanka taga ɗaya a kowane ɗakin kwana a mai da ita mai buɗewa daga ciki, a rataye mukullinta a ƙusa inda babba zai kai hannu ko cikin duhu. Kusan duk layin aka yi. Daga nan kwamiti ya ƙara wasu ƙa'idoji a kan na sintiri: tukunyar gas a waje take kwana, ba a ajiye jarkar fetur a ɗaki ko ana wahalar mai, janareta ba ya aiki a baranda rufaffiya, in an ɗauke wuta a kashe komai kafin a kwanta, kowane gida ya tanadi bokitin yashi. Wani mai gyaran lantarki ɗan unguwa ya duba mana wayoyi, ya nuna mana irin siraran wayoyin da 'yan kwangila ke binnewa a bango don su rage kuɗi. Tambayoyin Baba biyu sun zama goma, amma asalinsu bai sake ba.

Abin da ya fi wuya shi ne riƙe masu sana'ar su kansu. Ƙaramin shago a unguwa ba ɓarawo ke kashe shi ba, maƙwabta ne. Mutum zai ɗauki albashi ya tafi babban kanti a cikin gari ya biya lakadan, in wata ya yi nisa aljihu ya bushe sai ya turo yaro wurin mai shagon layi da saƙon "a rubuta". Mun ga ranar mai shagonmu a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace, mutane suka kwana a layin banki. Littafin bashinsa ne ya ciyar da rabin unguwar. Babban kanti bai san sunan kowa ba. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun shekarar kaya suka yi tashin gwauron zabo, sai jarinsa ya fara karyewa, ga kuɗinsa a hannun mutanen da ke gaishe shi kullum. Mai shayi ma ya koma tashi ƙarfe goma, don burodi da madara sun fi ƙarfin masu zama. Duk sa'ar da ya rage, sa'a ce da aka ƙara wa ɓarawo. Shugaban kwamitinmu ya tashi a taro ya ce biyan bashin mai shago yana cikin kuɗin tsaro, kuma ya fara da kansa, ya zaro nasa ya biya a gaban jama'a. Aka kuma amince duk aikin da unguwa za ta bayar, walda ne ko gini ko fitilun sola da muka kafa a kan kwanoni, ɗan unguwa za a fara nema.

Ba zan ce duk mai tebur a bakin titi waliyyi ba ne. Mun ga wurin shayin da ya koma mahaɗar masu sayar da ƙwaya. Mun ga 'yan jari-bola da ke zagaye da rana suna ƙare wa gidaje kallo, da masu sayen ƙarfe da waya ba tare da tambayar inda aka samo ba. Wannan ne ya sa daga baya wasu suka kawo shawarar a datse layin da ƙofar ƙarfe gaba da baya, a tashi duk masu sana'a, a ɗauko masu gadi na kamfani. An yi muhawara mai zafi. Masu wannan ra'ayi suna da hujja, yawancinsu an taɓa yi musu sata. Malamin nan da aka ɗaure a gidansa ne ya kashe maganar. Ya ce, "Ni na ɗanɗana zaman unguwa mai shiru. Wanda ke son ta, ga gidana nan, ya zo in nuna masa inda igiya ta ci hannuna."

Aka tsaya a kan a sa ƙofar, amma ba za a rufe ta ba sai sha biyun dare. Masu sana'a suna nan, da sharaɗin kowa mai unguwa ya san shi, ya san wanda ya tsaya masa. Wanda aka samu yana sayen kayan sata ko yana ba masu ƙwaya mazauni, shi kaɗai za a tasa. Mukullin ƙofar guda uku aka yanka: ɗaya na wurin shugaban 'yan kwamiti, ɗaya na wurin liman saboda masu fita asuba da masu naƙuda, na ukun kuma aka ba mai shayi, domin duk layin ba wanda ya kai shi sanin wanda ya shiga da wanda bai dawo ba tukuna.